Turken Sarkin Gaɓa

Da sunan Allah da ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya tara ruwa ya yi masa iyaka, ya kuma ba ɗan Adam ƙafa biyu da zuciyar da ba ta zama wuri ɗaya. Ku matso kusa, ku gyara zama. Ni ne Anaruwa ɗan Nomau, mutumin Rafin Marke. Abin da zan faɗa muku da idona na gan shi, da ƙafata na taka shi, ga tabonsa nan a idon sawuna na hagu ga mai son dubawa.

Gulbi ne ya fitar da ni daga gida. Kowace damina sai gulbinmu ya gutsiri gari ya tafi da shi: bana gonar wani, baɗi rumbun wani, har ya fara leƙen makabarta. Muka jera duwatsu ya kwashe, muka kafa itatuwa ya tumɓuke. Ana nan sai wani bafatake ya ba mu labarin wani birni can ƙarshen duniya, wai shi Tarmasa, wanda ke zaune a bakin teku tun kaka da kakanni, teku bai taɓa cin ko taƙi ɗaya na ƙasarsa ba. Dattawa suka taru suka ce wa zai je ya koyo mana asirin. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni kuwa a daidai lokacin ƙuda ya sauka mini a hanci, na ɗaga hannu in kore shi. Kafin in sauke hannun an shafa fatiha.

Ba zan cika ku da wahalar hanya ba. Na ratsa dajin da itatuwansa ke tashi da tsakar rana su tafi shan ruwa kamar garken shanu. Ƙishirwa ta kusa kashe ni a can, sai na ɗaura rawanina a reshen wata tsamiya, na bar ta ta ja ni har bakin tafki. Na ƙetare ƙasar da mutanenta ba sa barin baƙo ya wuce sai ya ci tuwo a kowane gida, inda na ga matafiya sun yi ƙiba har ba sa iya fita ta ƙofar gari. Da na ce musu ramuwar azumi nake yi na tsira. Daga nan na shiga jirgin ruwa, muka yi ta tafiya har na manta kalar ƙasa.

Ranar da muka iso Tarmasa, na lura da wani abu da ya kamata ya tayar mini da hankali, amma sai ya faranta mini rai. An shimfiɗa katakon sauka, jirgi cike da mutanen birnin da suka yi wata da watanni rabonsu da gida, amma ba wanda ya motsa. Duk suka ja baya suna yi mini murmushi.

Mai jirgi ya ce, “Bismillah, Malam. A nan baƙo ne gaba.”

Na ce a raina, kai, waɗannan mutane sun san ya kamata. Na gyara rawani na sauka da ƙasaita. Ƙafata na taɓa yashi aka rangaɗa guɗa, dogarai suka kewaye ni, aka yafa mini wata shuɗiyar alkyabba da ke warin gishiri, aka nufi fada da ni. Da na waiwaya, sai na ga abokan tafiyata suna rige-rigen sauka, har suna ture juna.

Mace ce ke mulkin birnin, Magajiya Tambara, wata dattijuwa mai magana a hankali kamar ba ta son kalmomin su fashe. Na faɗi na yi gaisuwa.

Ta ce, “Sannu da zuwa, baƙo. Daga yau kai ne Sarkin Gaɓa.”

Na ce, “Ranki ya daɗe, ni ko iyo ban iya ba.”

“Wanda ya gabace ka ya iya. Bai amfane shi da komai ba.”

Sai ta warware mini zancen. Tarmasa birni ne na dogayen benaye, a cunkushe, iska ba ta shiga lungunansa. Gaɓar teku ce kaɗai inda talaka da mai hali ke zuwa su yi numfashi, don haka duk Sarkin Gaɓar da ya hana mutane ita, a kwalekwale ake sa shi ba filafili a tura shi teku. Amma kuma gaɓar ce katangar birni. A ƙarshen kowace bazara akwai rana guda da teku ke kumbura fiye da kullum, suna kiranta Babbar Cika. A wannan rana ana sa wa Sarkin Gaɓa marin ƙarfe a ƙafa, a ɗaure shi a turken da ke ƙofar gidansa a kan yashi, daga fitowar rana har ruwa ya koma. In tudun yashi ya riƙe, ya tsira. In ya karye, shi ne farkon tafiya.

Ta ce, “Kakanninmu suka kafa haka don kada mai riƙon gaɓa ya yi mata riƙon sakainar kashi. A da sarauta ce da ake nema da kamun ƙafa. Yanzu ba ɗan gari da zai karɓa, shi ya sa muke jiran jirgi.”

Na ce, “Amma ranki ya daɗe, an ce mana teku bai taɓa cin ƙasarku ba.”

“Gaskiya aka faɗa muku. Labarin ne ya tsufa a hanya.”

Aka kai ni gidana. Ɗaki ne guda na dutse a tsakiyar gaɓa, ga turken ƙarfe a ƙofa, sabo fil, abin da ya nuna mini inda tsohon ya tafi. Tsakanina da ruwa bai wuce jifan yaro ba. Na zauna a dokin ƙofa ina kallon teku yana lasar yashi yana komawa, kamar kare da ya san an ajiye masa nama.

Duk da haka, ba zan ɓoye muku ba, gaɓar nan abar so ce. Da la'asar sai birni ya zubo kanta gaba ɗaya. Ga 'yan kokawa, ga masu tseren jakuna, ga 'yan langa, ga masu gasa kifi da masu kunun aya. Tsofaffi su binne ƙafafunsu a yashi mai zafi don sanyin ƙashi, mata su shiga ruwa iya gwiwa da zannuwansu suna ƙyalƙyala dariya, masu jego su kawo jarirai su sha iska. Na ga wani majemi da ya yini cikin wari ya zo ya kwanta rub da ciki, ya yi ajiyar zuciyar da na ji ta har cikin ƙirjina. Na san ko ba don kwalekwale ba, ba ni da zuciyar da zan kori waɗannan mutane.

Da hantsi kuwa gaɓa ta masu shara ce. Mutanen Tarmasa suna iya yafe maka zagi, amma ba sa yafe ƙazanta. Gaɓa suke kira zauren birni, wai nan baƙo ke fara sauka, don haka kowace safiya sai mata su jeru da tsintsiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, su share duk ciyawar da teku ya amayo, su tara su ƙone, su bar yashi fari tas kamar an wanke. Shugabarsu ita ce Uwar Shara Gwamma, doguwar tsohuwa mai kaifin ido, wadda ba ta bari a cinna wa tsibin shara wuta sai ta tona shi da hannunta. Ita al'ada ta ɗora wa kawo wa Sarkin Gaɓa koko da safe. Takan ajiye ƙwaryar ba ta dube ni ba, kamar mai gudun sabo da ragon layya.

Wata safiya ina shan kokon sai na ga wani abu ya fito daga ruwa. Ƙaguwa ce fara, girman akushi, tana rungume da curin jiƙaƙƙen yashi. Ta hauro da shi har kan tudu, ta ajiye, ta daddaɓe shi da hannu kamar magini. Sannan ta shiga dube-dube, ta zagaya nan ta zagaya can a kan sharerren yashi, ba ta sami komai ba, ta koma ruwa.

Na ce, “Inna, mene ne wancan?”

Gwamma ta ce, “Magina. Haka muke kiransu. Muna yara, in ruwa ya ja baya sai ka ga gaɓa tana motsi don yawansu. Abin da teku ya ɗiba jiya, su mayar yau. Har duwatsun wuya da zobba suke haɗowa da su daga ƙarƙashin ruwa, mu bi muna tsinta.”

“Me take nema da ta ajiye yashin?”

“Ciyawar teku mana. Ita ce abincinsu.”

Na dubi hayaƙin da ke tashi daga tsibin shara, na dubi tsintsiyar da ke hannunta. Ta ga inda idona ya bi, ta ɗaure fuska.

Ta ce, “Kul, ɗan nan. A da sai sallah ake shara, don sai sallah ake taruwa. Yanzu kullum sallah ce a nan. So kake mu tarbi mutane a kan juji?”

Ban ja da ita ba, don na ga ba fuska. Na je wurin Magajiya na roƙi can ƙarshen gaɓa ta arewa, nesa da hayaniya. Na kafa shinge na hana shiga, na hana shara, ni da kaina nake kwaso ciyawar teku a ka ina zubawa. Ba a daɗe ba magina suka gane. Suka zo, suka ci, suka yi gini, suka haƙa ramuka suka zuba 'ya'ya ƙanana kamar ƙwayar gurjiya. Yashi ya fara tudu. Na fara cin abinci yana zama a cikina.

Amma shingen nan ya cinye filin tseren jakuna, filin kuwa na Sarkin Wasa Tunau ne, wani ƙato mai faɗin ƙirji wanda duk makaɗa da 'yan wasan birni ke ƙarƙashinsa. Bai yi mini faɗa ba. Sai kawai ya sa aka ɗauko kwalekwalen nan aka kife shi a gefen ɗakina.

Ya ce, “Kada ka damu, Sarkin Gaɓa. Shanya shi muka yi, ya sha iska.”

Don ya ƙara ƙona mini rai, ya tura makaɗansa su zauna a jikin shingen ta kudu su yini suna kiɗa, suna waƙar baƙon da ya zo ya auri ƙaguwa. Yara suka ɗauki waƙar, har a cikin barcina nake jin ta.

Sai wata safiya na iso shinge na tarar da sama ta yi baƙi. Shirwar teku ce, garke guda, manya masu jan baki. Sun sami wuri shiru ba mutum, suka sauka a kan 'ya'yan magina kamar kaji a kan tsaba. Na ruga ina ihu ina jifa, na kori na gaba na baya su sauka. Kafin azahar filin ya zama ɓawon ƙaguwa zalla. Manyan da suka tsira suka koma ruwa, kuma a cikar da ta biyo baya teku ya kwashe tudun da muka tara, ya haɗa da ƙari. Na koma gida na tarar ruwa ya matso har ina jin feshinsa a dokin ƙofa. Bazara kuwa ta riga ta raba.

Gwamma ta kawo koko ta same ni na haɗa kai da gwiwa. Ta ce, “Haka ta faru da wani Sarkin Gaɓa da ya rufe gaɓa gaba ɗaya. Ya kori mutane, tsuntsaye suka cika wurin, yashi ya ci gaba da tafiya. Mu dai mun ce fushin teku ne. Aka sa shi a kwalekwale.”

Na rasa inda zan sa raina. In bar mutane, ƙafa da tsintsiya su kori magina. In kori mutane, shirwa ta cinye su. Ta ko'ina na juya teku nake gani. Na tashi na koma filin ina tafe ina taka ɓawo, ba don komai ba sai don zama ya gagare ni. A nan ne, a jikin shinge ta kudu, daidai inda makaɗan Tunau ke zama suna zagina, na ga yashi yana motsi. Ramukan wannan gefe ba a taɓa su ba. 'Ya'yan magina na nan da ransu, suna ta kai da kawo. Iyakar inda ƙarar ganga ke kaiwa, shirwa ba ta sauka ba.

Na tsaya a wurin har rana ta ƙona mini ƙeya, sai kasuwannin ƙasarmu suka faɗo mini a rai. Na nufi wurin Tunau, na same shi yana ɗaure ganga.

Na ce, “Sarkin Wasa, na zo godiya. Kiɗanka ya yi abin da ni da shingena muka kasa.”

Ya dube ni a kaikaice, yana neman inda zagin yake. Na ja shi na nuna masa ramukan. Sannan na ce, “A ƙasarmu kasuwa ba ta ci a gari ɗaya kullum. Yau tana nan, gobe tana ƙauyen gaba, kowa ya san ranarsa, ba wanda ya rasa ciniki. Mu yanka gaɓar nan fili-fili. Wannan na wasa, na kusa da shi na magina, na gaba na wasa, haka har ƙarshe. In wata ya kama a yi musanya. Ba filin magina da zai yi nisa da ganga, ba ranar da za a ce ba wasa.”

Ya ce, “Wato gangata ce maganin.”

“Ita ce fa.”

“Na daɗe ina faɗa wa mutanen garin nan ba su san abin da suke da shi ba.”

Tunau mutum ne da in ka yabi gangarsa ka gama da shi. Kwalekwalen dai bai ɗauke ba, ya ce a bar shi tukuna a ga yadda hali zai yi.

Saura Gwamma, don ba abin da zai yiwu in tsintsiya ba ta yarda ba. Na tare ta da safe.

Na ce, “Inna, ban ce ku daina shara ba. Ku share filin wasa tas yadda kuka saba. Amma maimakon wuta, ku tura ciyawar filin magina. Kun ce gaɓa zaure ce. In baƙo ya sauka a gidanki, share masa zaure kawai kike yi ki bar shi da yunwa?”

Ta ce, “Bakinka da zaƙi, amma ba zan bar ko taku ɗaya ban share ba.”

“Don me, Inna?”

Ta zauna a kan kifaffen kwalekwalen, ta ɗora tsintsiya a cinya.

Ta ce, “Mijina, Barmo sunansa. Shi ma jirgi ya kawo shi, shi ma ni na kai masa koko, ina budurwa. Muka yi aure a wannan ɗakin. Mutum ne mai son mutane, bai taɓa hana kowa komai a gaɓar nan ba. Ranar da aka ɗaure shi, na cire awarwarona na jan ƙarfe na maƙala a jikin marin, na ce ya riƙe mini zan dawo in karɓa. Ina kan ganuwa ina kallo teku ya tafi da shi har da turken.” Ta shafa tsintsiyar. “Ba abin da teku ke riƙewa har abada. Tun daga ranar nake tona shara. In na bar wani fili ban share ba, ranar da zai dawo mini da shi, ranar ce ba zan gani ba.”

Dabarar bakina duk ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, “Inna, ni ma akwai wadda na ce wa zan dawo. Ita ko tekun da za ta share ba ta da shi.”

Ta tashi ta tafi. Na kwana da sanin cewa tawa ta ƙare. Amma da gari ya waye sai na ga matan sun jeru kamar kullum, suna shara, kuma ba hayaƙi. Suna kai ciyawar bakin igiyar da na ja, suna turawa ciki. Gwamma ta ajiye mini koko, a karo na farko ta dubi fuskata.

Ta ce, “Sha, ka rame.”

Magina suka dawo, da kaɗan-kaɗan, sannan da yawa. Mutane suka yi gunaguni a kan wari da matsi, wasu samari suka tsinke igiya aka sake ɗaurawa, wani attajiri ya rantse ba za a hana shi shimfiɗa darduma inda ubansa ya saba ba, sai da wata ƙaguwa ta kama shi a babban yatsa ya canza ra'ayi. Tudu ya fara tashi a gaban ɗakina. Amma gini na hannun ƙaguwa ne, curi-curi, bazara kuwa gudu take yi. Kullum da safe sai in auna tudun da ido in auna teku.

Kuma akwai abin da ke cin raina fiye da wannan. A ranar Babbar Cika ba mai sauka gaɓa. Birni duka kan ganuwa yake hawa ya yi kallo. Wato a ranar da na fi bukatar hayaniya, ranar ce gaɓa za ta yi tsit. Na roƙi Magajiya, ta ce ba ta da ikon tilasta wa kowa ya sauka a wannan rana. Na roƙi Tunau, ya sosa ƙeya ya ce, “Ka san ganga fata ce, ba ta son ruwa.”

Ranar ta zo. Rana na fitowa maƙeri ya sa mini mari, ya ɗaure a turke, ya ce in yafe shi, ya haye ganuwa da sauri. Na waiwaya na ga kawuna jere a sama kamar tulunan da aka kife. Gabana kuwa teku ya canza kala, ya yi duhu, yana numfashi da ƙarfi.

Igiyar ruwa ta farko ta daki tudu ta gutsiri gefensa. Tana ja baya sai yashi ya buɗe, magina suka fito, dubbai, manya da ƙanana, kowace da curinta, suna cike gurbin kafin ta biyu ta iso. Ta biyu ta zo ta fasa, suka sake cikewa. Na fara jin ɗan sanyi a raina. Sai inuwa ta rufe ni. Na ɗaga kai na ga shirwa, sun fi na ranar nan yawa, suna shawagi suna sauraro. Da suka tabbata ba ganga ba guɗa, sai suka fara saukowa.

Na yi ihu. Na ɗauki akushina ina bugawa da ludayi. Na rera waƙar baƙon da ya auri ƙaguwa, da ƙarfina duka, ni da kaina. Na kusa da ni suka tashi, amma muryar mutum ɗaya ina za ta kai a gaban teku? Magina suka fara watsewa suna neman ramuka. Igiya ta zo ta sami gurbi a buɗe, ta tsallako. Ruwa ya rufe mini idon sawu, ya kai ƙwauri, ya kai gwiwa. Na ja ƙafata har marin ya yanke ni, turke ko gezau. Muryata ta dushe. Na yi kalmar shahada, na tuna matata tana tsaye a bakin gulbi ranar da na taho.

Sai na ji wani sauti a bayana, dum, dum, dum. Na juya. Gwamma ce. Ta sauko daga ganuwa ita kaɗai, ta shigo ruwa har cinya, ta kife ƙwaryar kokona a kan ruwan tekun, tana bugunta da gindin tsintsiya irin kiɗan ƙwarya na gidan biki.

Na ce, “Inna, koma, za ki hallaka.”

Ta ce, “Sau ɗaya na yi kallo daga sama. Ya ishe ni.”

Matan shara suka ga uwarsu a ruwa. Ɗaya ta sauko, biyu suka biyo ta, sai ga su duka da ƙore da tsintsiya, suka kife a kan ruwa suka kama kiɗa, wata ta rangaɗa guɗa. Daga kan ganuwa na jiyo muryar Tunau yana cewa yau ga abin kunya, mata sun riga shi buɗe fili. Ya sauko da gangarsa a ka don kada ta jiƙe, makaɗansa na biye. Daga nan kuma ban san wa ya riga wa ba. Birni ya zubo kamar la'asar, 'yan kokawa da masu gasa kifi da attajirin nan mai darduma, kowa ya tsaya a filin wasa, ba wanda ya taka na magina, ana kiɗa ana tafi ana rawa cikin ruwa, fuskoki duk tsoro amma ƙafafu na aiki.

Shirwa suka tashi gaba ɗaya, suka yi sama suka nufi teku. Magina suka fito. Na gan su a ƙarƙashin ruwa suna wucewa ta kan ƙafafuna da curin yashi, ba wadda ta kula ni. Ruwa ya kai mini ƙugu, ya kai ƙirji. Wata igiya ta rufe ni har na sha gishiri, na ɗago ina tari. Na jira ta gaba. Ta zo, amma iya ƙirji ta tsaya. Ta bayanta iya ƙugu. Kafin la'asar ina tsaye a kan jiƙaƙƙen yashi, tudu na nan a gabana ya fi yadda ya kwana.

Maƙeri ya zo ya kwance ni. Ana ta yi mini barka, sai na ga mutane suna buɗa hanya. A kan sabon tudun, cikin yashin da magina suka haƙo daga ƙarƙashin teku, wani baƙin ƙarfe ya leƙo. Gwamma ta durƙusa ta tona da hannu. Mari ne tsoho, tsatsa ta cinye shi, har yanzu a kulle. A jikinsa ga awarwaro, ya yi kore.

Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta goge awarwaron da bakin zanenta, ta ce a hankali, “Na zo karɓa, Barmo. Na daɗe.” Ta ɓalle shi ta sa a hannu. Sannan ta miƙe ta nufi Magajiya.

Ta ce, “Ranki ya daɗe, a sallami yaron nan, ana jiransa. A ba ni alkyabbar.”

Magajiya ta ce, “Gwamma, kin san turke bai san tsohuwa ba.”

“Na sani. Amma in ɗan gari ne a ɗaure, ba mai hawa ganuwa.”

Ranar da zan tafi ta raka ni har bakin jirgi, cikin shuɗiyar alkyabba, ta miƙa mini tsintsiyarta. Ta ce ita ta gama da ita, in kai wa matata. Muna ɗagawa wani jirgi na isowa, na ga mutanen cikinsa sun ja baya suna yi wa wani bawan Allah murmushi, sai Tunau ya daka musu tsawa daga gaɓa ya ce su sauko, sarauta tana da mai ita.

Na iso Rafin Marke ba laya ba asiri, sai tabo da tsintsiya. Abin da muka yi da bakin gulbinmu, da yadda muka raba wa shanu da masu wanki da ciyawar gaɓa kwanakinsu, kun gani da idonku, makabarta kuma tana nan inda take. Tsintsiyar tana rataye a ɗakin matata. Ba ta taɓa shara da ita ba, kuma ba ta bari a taɓa. Iyakar abin da na gani ke nan, Allah ya sa ruwa ya tsaya inda aka ce ya tsaya.